Tukwanen Bawa Mai Tuwon Boda

Jawabin Malama Hanna Obadiya a taron tunawa da Malam Abdullahi Hussaini, wanda aka fi sani da Bawa Mai Tuwo, ranar da ya cika kwana arba'in da rasuwa, a ƙofar gidansa da ke Magama, Jibiya

Wakilin Mai Girma Hakimi, ranka ya daɗe. Dagaci da masu unguwanni, Allah Ya ja zamaninku. Malam Liman da sauran malamai, Allah Ya gafarta muku. Fastocinmu da suka amsa gayyata, sannunku da zuwa. Jami'an kwastan da na shige da fice, da takwarorinku na duwan, wato kwastan ɗin Nijar, da suka tsallako, barkanku da aiki. Shugabannin ƙungiyar direbobi, ku da kuka kafa rumfunan nan kuka tara mu, mun gode. Baƙinmu na Ɗan Isa da Maraɗi, sannunku da hanya. Yaya Rahama, uwargidan marigayi, kina cikin gida kina takaba, amma an tabbatar mini lasifikar nan tana kai miki, ina gaishe ki da haƙuri. Dalhatu, babban ɗansa, da Salmatu 'yarsa, da jikoki, da dangin Mazanya baki ɗaya, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Jama'a maza da mata, salama a gare ku.

Da shugaban direbobi ya same ni a gida ya ce ni aka zaɓa in yi magana a madadin jama'a, na ce masa ya sake tunani. Ni mace ce, Kirista ce, kuma duk da shekara talatin da huɗu da na yi a garin nan, har yau in na yi ciniki a kasuwar Lahadi ana ce mini 'yar Zonkwa. Sai ya ce, "Malama, mu ci kawai muka yi. Ke kin koya." Sai na karɓa. Amma na faɗa masa, ina kuma faɗa muku, ba irin jawabin da ake tafa wa mutum na zo da shi ba. Raina a ɓace yake tun ranar da aka kai shi, kuma da na iso nan ɗazu ya ƙara ɓaci.

Ku waiwaya bayan rumfar mata. Waɗancan kwalayen da aka jibge, shinkafa ce a robobi, an yo odarta daga Katsina, ita za a raba mana in an tashi. Ban raina ta ba, kuma Allah Ya saka wa waɗanda suka kawo. Amma ku tsaya ku ji yadda abin yake a kunne. Mutum ya yi shekara arba'in da biyu yana ciyar da bodar nan, ranar tunawa da shi an rasa wanda zai aza tukunya a ƙofar gidansa. Yau da ya leƙo, kun san halinsa. Da ya buɗe roba ɗaya ya sansana, ya mayar da murfin a hankali.

Yawancinmu mun san tuwonsa, kaɗan ne suka san inda ya samo shi. Bari in faɗa muku yadda shi da bakinsa ya ba ni labari.

Mahaifiyarsa Barira mutuniyar wajen Madarunfa ce, aka auro ta zuwa Mazanya. Ta haifi maza uku, ba mace ko ɗaya, Bawa ne babba. Yana da shekara tara ciwon ido ya kama ta, kafin damina biyu ta daina gani. Da farko maƙwabta suna shigowa su yi mata girki, amma kowace mace tana da nata murhun, kuma tausayi ma yana gajiya. Wata rana ta lallaba ta ce za ta yi da kanta, wuta ta kama bakin zaninta, ta ƙone tun daga idon sawu har gwiwa. Tana jinyar ƙunar ta kira shi.

"Bawa, taho nan. Daga yau kai ne idona."

Ya ce, "Inna, ni fa namiji ne."

Ta ce, "To, tai ka faɗa ma cikinka. In ya yarda ya kwana haka nan, ni ma na yarda."

Haka aka fara. Tana zaune a kan turmi da ta kife, shi yana tsugune gaban murhu. Ba ta ganin tukunya, amma tana jin ta. Ta koya masa bambancin ruwan da ya fara kuka da wanda ya tafasa. Ta koya masa jin ƙarar talge in ya nuna, da yadda ƙarar take canzawa in wuta ta yi yawa. In ya zuba kanwa ta wuce, tun daga inda take za ta ce, "Ka cika hannu." In ya gama tuƙi sai ya ɗiba da muciya ya aza mata a tafin hannu, ta murza da yatsa, in ta ji gudaji ko ɗaya ne sai ta ce ya koma. Ya ce mini ba ta taɓa dukansa a kan girki ba. Hukuncinta ɗaya ne: in ya ƙona tuwo, kowa ya ci na sama, shi ya ci ƙanzo.

Mahaifinsa Malam Hussaini manomi ne, mutumin kirki ne, kuma bai hana ba, don ba shi da yadda zai yi. Abin da ya yi shi ne, ya je gona ya ɗauko karan gero, ya ƙara wa dangar gidan tsawo, don kada mai wucewa ya hango ɗansa da muciya. Dangar ba ta hana hayaƙi fita ba, ba ta hana magana fita ba. Yara suka sa masa suna 'yar Inna. Kuma shekara goma sha ɗaya Malam Hussaini yana cin tuwon yaron nan safe da yamma, bai taɓa ce masa ya yi daɗi ba. In ya wanke hannu sai ya ce, "A gaida uwarka da aiki." Bawa yana da furfura lokacin da yake ba ni wannan labari, amma da ya zo wurin nan sai da ya juya ya gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Bayan rasuwar mahaifiyarsa ya zo Magama yana dako. Ya ga direbobi suna kwana biyu, kwana uku suna jiran takardu, abincinsu rogo da ƙuli. Sai ya nemo duwatsu uku ya aza ƙarƙashin bishiyar bedin da ke kusa da shingen boda, a bakin titi, inda duk wanda zai shiga Nijar ko zai fito sai ya gan shi. A nan muka same shi, a nan muka bar shi har ƙarfinsa ya ƙare.

Ya kasance mai tsabtar da take ba mutum kunya. Akushinsa in ka shafa da yatsa sai ya yi ƙara. Ya kasance ba ya ɗanɗana miya da ludayin da yake zuba wa mutane. Ya kasance ya san cikin kowa: ya san direban babbar motar kamyon da ya taso daga Agadas yana son tonka, barkonon nan mai zafi, har sai ya yi gumi, ya san jami'in da aka turo daga kudu ba zai iya da miyar kuka ba a makon farko, sai ya fara masa da taushe. Ya san mai gyambon ciki, ya san mai ciwon suga, kuma in mai suga ya ce a ƙara masa malmala zai dube shi ya ce, "Matarka ta fi ni buƙatarka," ya ƙara masa ganye.

Ya kasance, lokacin da aka rufe boda motoci suka yi layi har ido ba ya ganin ƙarshensu, masu abinci da yawa suka tattara suka tafi, shi bai kashe wutarsa ba. Akwai direbobi a zaune a nan da suka yi sati shida a gindin motarsu, su faɗi abin da suka ci. Geron gonarsa ne ta Farfaru, wanda ya tanada don gidansa. Ya kasance, lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, mata da yara suka cika azuzuwan makaranta suna kwana a kan siminti, ya kwashi kayan girkinsa a kura ya koma can wata guda. Ban ga ya yi wa kowa wa'azi ba. Na dai ga ya tara matan, ya ce kowace ta faɗi yadda ake miya a garinsu, ya raba musu kwanaki. Ya ce mini macen da aka raba da murhunta, in ka miƙa mata kwano kawai ka ƙara mata ciwo, gara ka miƙa mata ludayi.

Ni kuwa ga yadda na faɗa hannunsa. An turo maigidana, marigayi Obadiya, aikin asibiti a nan, ni kuma aka ba ni koyar da darasin kula da gida a makarantar 'yan mata. Uwata ta rasu ina ƙarama, a makarantar kwana na tashi, girkina duk na littafi ne. Na iya kek, na iya auna fulawa a sikeli, ina da takardar shaida mai hatimi. Gero kuwa ban taɓa tuƙa shi ba. Ranar da maigida ya gayyato abokan aikinsa ya ce a yi musu tuwon gero irin na gari, na tuƙa wani abu da ko kaji sai da suka yi shawara kafin su taɓa. Na ɗauki kwanon gida na rufa da mayafi, na zagaya ta bayan tasha na sayo na Bawa, na juye na kai musu. Suka ci suna yaba wa amarya. Na sake yi sati na gaba. A karo na uku Bawa ya riƙe kwanon bai zuba ba.

Ya ce, "Malama, ke ce mai koya ma ɗiyanmu girki a lakwal, makarantar 'yan matan nan?"

Na ce ni ce. Da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na shige.

Ya ce, "Ba komi. Ni ma makauniya ta koya mani. Ki zo gida ran Asabar, Rahama tana nan. Ki zo da zanen da ba ki so."

Asabar goma sha huɗu na yi ina zuwa gidan nan. Na zo da littafi da biro ina tambayarsa gari kofi nawa, ruwa lita nawa. Ya ce shi bai san lita ba, in ajiye biro in kawo hannuna. Ya sa na rufe ido na saurari tukunya. Yaya Rahama tana gefe tana dariya, don ita ma ta bi ta wannan hanya. Yaya Rahama, ki yafe mini zan tona. An kawo ta gidan nan tana da shekara goma sha tara, 'yar auta ce a gidansu, ba a taɓa barinta ta ɗauki muciya ba. Mijinta ne ya koya mata. Matan unguwa suka riƙa yi mata habaici a bakin rijiya, wai maigidanta ya fi ta hannu. Ta ce musu, "Ƙwarai ya fi ni. Naku mi ya fi ku da shi?" Daga ranar aka sake zance.

To, jama'a, nan ne maganata za ta yi ɗaci, ku yi haƙuri da ni.

Me muka yi wa mutumin nan? Mun ci tuwonsa da hannun dama, mun nuna shi da na hagu. A gabansa Malam Bawa, a bayansa mun san abin da muke kiran namijin da ke tuƙa tuwo, ba sai na maimaita a gaban malamai ba. An yi walimar aure nawa a garin nan shi ya dafa? Sau nawa aka ce ya wanke hannu ya zo ya zauna cikin manya? Ni da kaina na rubuta takarda har sau uku zuwa ofishin da ke sama da mu, ina roƙo a bar shi ya riƙa zuwa makaranta sau ɗaya a sati ya nuna wa ɗalibaina abin da ni ban iya nuna musu ba. Amsa ɗaya aka ba ni, ita ma da baki: ina takardar shaidarsa? Wanda ya tambaye ni ɗin, da azahar na gan shi a bencin Bawa yana siɗe yatsa. Haka na yi shekara ashirin da shida ina koya wa 'yan matan Jibiya yadda ake gasa kek a tanda irin wadda babu ita a gidan kowace daga cikinsu, ga malamin gaske yana shan hayaƙi a bakin shinge.

Kuma shi ma marigayin ina da fushi da shi. Na faɗa masa yana raye, shi ya sa nake iya faɗa yau. Dalhatu, kana aji uku ka dawo gida da riga a yage, ka yi dambe don an kira ka ɗan mai tuwo. Kafin ranar kullum kana gindin murhu, kai ne mai miƙa masa mara, har ka fara iya talge. Daga ranar babanka ya ce kada ya sake ganinka kusa da wuta. Na same shi na ce, "Malam Bawa, dangar da babanka ya ɗaga, ita kake ɗagawa."

Ya ce, "Malama, ni na sha, ya isa. Ba ni so ɗana ya sha."

Na ce, "To in ka hana shi, wa ka bai wa gaskiya, kai ko masu zagin?"

Bai canza ba. Ya tura ka karatu, ka yi, ga ka yau ma'aikaci a Katsina, muna alfahari da kai. Amma abin da kakarka ta ba shi da ƙonanniyar ƙafa, ya hana ka da hannunsa, kuma mu ne muka sa shi.

Kada ku ce na tsame kaina. Ɗana Luka, duk ranar da ya leƙo kicin sai in ce fita, je ka yi karatu. Ni, ɗalibar Bawa. Yau yana Kaduna da 'ya'ya uku. Bara matarsa ta kwanta asibiti kwana tara, shi da yaran burodi da shayi suka yi ta sha har ƙaramar ta kamu da ciwon ciki, sai da na hau mota na je. Mutum mai digiri biyu ya tsaya a gaban buhun shinkafa kamar an ba shi wasiƙa da yaren da bai iya ba. Wa ya yi masa haka? Ni ce.

Ga abin da wannan hali ya jawo mana, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Duk wanda ya ci miyar Bawa ya san akwai wani ɗanɗano a ƙasanta da ba a samu a ko'ina, daga nan har Maraɗi. Daudawar batso ce, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, amma ba irin ta kasuwa ba. Ta Barira ce, yadda ta koyo a gidansu. Sau ɗaya yake yin ta a shekara, bayan kaka, a bayan ɗakin nan, shi kaɗai. Yaya Rahama ba ta koya ba, don warinta yana hawar mata kai. Dalhatu an kore shi. Ni kuma kowace shekara sai in ce baɗi, ga jarrabawa, ga bikin Kirsimeti, ga wannan ga wancan. A littafina akwai shafin da na rubuta sunanta a sama tun shekarar da na fara zuwa, har yanzu ƙasansa fari ne.

Shekara uku da suka wuce Salmatu ta dawo gida da 'ya'yanta biyu bayan rasuwar mijinta. Ita ba ta jira an kira ta ba, ta ɗaura zani ta bi shi rumfarsa ta bakin shinge. Ya koya mata tuwo, ya koya mata dambu, ya koya mata miya kala-kala, har direbobi suka daina gane ranar da ita ta tuƙa. Daudawa kuwa ya ce sai kaka. Kakar farko ba a noma gonar ba, don ba mai iya zuwa saboda tsoron 'yan bindiga. Ta biyu tari ya kwantar da shi. Likita ya ce hayaƙin itace ne na shekaru ya cinye masa huhu. Da na je duba shi a asibiti cikin daminar nan, na tafi da littafin a jaka, na ce ko a baki ne ya faɗa mini in rubuta. Ya yi murmushi ya ce, "Malama, har yanzu ke da biro. Abin ba na baki ba ne. Bari in tashi, yakuwa ta kusa." Bai tashi ba. Abin da ya rage a duniya na daudawar Barira curi goma sha ɗaya ne a cikin wani tulu a ɗakin Yaya Rahama. In sun ƙare, sun ƙare. Ba ɗan bindiga ne ya ƙwace mana wannan ba, ba rufe boda ba ne. Mu ne, da kunyarmu da sai-baɗinmu.

Yanzu zan juyo gare ku, iyalan gida, kuma Dalhatu ya san zan yi, don na gaya masa shekaranjiya ya ce in faɗa. Dangi sun zauna sun yanke cewa in an zo rabon gado za a sayar da tukwanen nan biyar da sauran kayan girki, a ba da rumfar haya ga masu cajin waya. Salmatu ta ce tana so ta ci gaba, aka ce ta yi shiru, maza suna magana. Na je na sami Dalhatu da faɗa a bakina. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Mama Hanna, ni na riƙe masa kwano yana tofar da jini. Wata huɗu a asibiti ina jin tarin nan. Kina so in bar ƙanwata ta zauna cikin hayaƙin da ya kashe shi? Kuma don wa? Bodar da take buɗe yau, gobe a rufe? Mutanen da suka ci suka zage shi? Ban ji kunyar babana ba, wallahi. Haushi nake ji."

Dalhatu, ɗana, na dawo gida ban ci abinci ba ranar, don rabin maganarka gaskiya ce, kuma haushinka irin nawa ne. Amma ka saurare ni a gaban mutanen nan. Hayaƙi yana da magani. Akwai murhun da ba ya hayaƙi, akwai gas, akwai rumfa mai tagogi, kuma kai ka fi kowa sanin inda ake samunsu. Abin da ba shi da magani shi ne hannu in ya tafi da abin da ya sani, kun gani da idonku. Kakanka ya ɓoye babanka don yana jin kunya. Babanka ya kore ka don yana ƙaunarka. Kai kuma za ka hana Salmatu don kana tsoro a kanta. Kowannenku da hujjarsa mai kyau, kuma kowane karo gidan nan ne yake asara. Salmatu ba yarinya ba ce, uwar 'ya'ya biyu ce, ta san zafin wuta ta ce tana so. Ka tambaye ta me take bukata, kada ka faɗa mata abin da za ta haƙura da shi.

Da safen nan kafin in fito, Yaya Rahama ta aika a kira ni. Na shiga na same ta a kan tabarma da carbinta. Ta ba ni saƙo ta ce in faɗa a lasifika, a gaban Malam Liman, don kada gobe a ce ba a ji ba. Ga shi yadda ta faɗa:

"Ki ce masu ni ban iya gardama da maza, kuma ina cikin takaba. Amma Allah Ya ba ni tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, a cikin abin da mijina ya bari, ba wanda ya isa ya hana ni. Ban son gona, ban son ɗaki. A fitar mani da tumunina cikin tukwane da muciya da madambaci. In an ba ni, na ba Salmatu. In sun ga dama su ba da rumfar, ƙofar gida ma wuri ce."

Malam Liman, ka ji. Dangin Mazanya, kun ji. Ni ban san fiƙihun gado ba, ku ne masana, amma na isar.

Saura mu, jama'ar gari. Ba na roƙon a sa wa titi sunansa, ba na roƙon a kafa kwamiti, mun san inda kwamitocinmu suke ƙarewa. Abu biyu nake roƙo. Na farko, ranar da Salmatu ta hura wuta, ku direbobi ku zo ku ci, kuma ku iya bakinku a kanta fiye da yadda muka iya a kan babanta. Na biyu, kowa ya koma gida yau ya dubi wanda ya fi kowa tsufa a gindin murhun gidansu, ya tambayi kansa me tsohuwar nan ta sani da ba wanda ya karɓa. Ku tura mata yaranku, mata da maza. Wanda ya ce ɗansa namiji ba zai taɓa muciya ba, ya tabbata ya yi alkawari da Allah cewa matar ɗan ba za ta taɓa ciwo ba, uwarsa ba za ta makance ba, kuma ba za a taɓa tashin garinsu ba. Mu a Jibiya mun ga isasshe, mun san ba mai wannan alkawari.

Na yi tsawo, kuma na taɓa mutane a ranar da ya kamata in lallashe su. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini, shekaru ne da rashin aboki. Ina godiya ga ƙungiyar direbobi da ta ba ni wannan dama, da shugabanninmu da suka zauna cikin rana suka saurari tsohuwar malama, da baƙin da suka bi layin shinge tun safe don su iso. Yaya Rahama, na gode da shekara talatin da huɗu na zumunci, ba ki taɓa nuna mini ni baƙuwa ce a tsakar gidanki ba.

Addu'ar rufewa ta Malam Liman ce, amma ku bar ni in yi tawa gajeruwa. Allah Ya ji ƙan Malam Bawa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ji ƙan iyayensa. Allah Ya sanyaya zuciyar Rahama, Ya haɗa kan Dalhatu da Salmatu, Ya raya jikoki. Allah Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, Ya mayar da manoma gonakinsu. Ya Ubangiji, bawanka ne, sunansa ma ya faɗa. Shekara hamsin da ɗoriya yana tsaye a kan wuta yana zuba wa wasu. Ka ba shi inuwa, Ka zaunar da shi, wannan karon a kawo masa.

Amin.